Yadda Ake Gyara Kutsen Samfurin Maƙwabci a Na'urar Ƙidayar Radiyeshan

Kwalbar da babu komai a cikinta bai kamata ta ba da lamba fiye da ƙidayar muhalli ba, wato lambar da na'ura ke bayarwa ko babu samfuri a cikinta. Idan ka ga ta ba da ɗari tara alhali muhallin na'urarka bai wuce saba'in a minti ba, to ka duba abin da ke zaune kusa da ita. Sau da yawa za ka tarar samfuri ne mai zafi, wato mai yawan radiyeshan, radiyeshan ɗinsa ya ratsa katangar dalma ya faɗa ditektan da ba nasa ba (ditekta shi ne sashen na'ura da ke jin radiyeshan). Wannan shi ne kutse. Ana samunsa a na'urar gama mai ditekta da yawa, ana kuma samunsa a na'urar da ke ƙidaya faranti mai ramuka 96 ko 384. Ana iya cire shi da lissafi, amma sai an auna shi a kan na'urar da ake aiki da ita, da aisotof ɗin da ake aiki da shi, wato nau'in sinadarin da ke fitar da radiyeshan, kuma lissafin yana da iyakar da ba ya wucewa.

Tantance cewa kutse ne

Kafin ka taɓa lissafi, cire samfurin mai zafi daga na'urar gaba ɗaya, ka kai shi bayan garkuwar dalma nesa, ka sake ƙidaya kwalbar da ake zargi. Idan lambar ta sauka zuwa ta muhalli, kutse ne. Idan ta ƙi sauka, gurɓata ce: ko dai bayan kwalbar ya ɓaci, ko rak ɗin da ake jera kwalabe a ciki, ko ramin ditektan kansa. Canja kwalba da rak ɗaya bayan ɗaya har ka gano wanne ne, ka goge, ka sake aunawa. Lissafin kutse ba ya maganin gurɓata, kuma wanda ya auna ma'aunin kutse, wato rabon ƙidayar da ke tsallakawa zuwa maƙwabci, a kan gurɓataccen ditekta zai yi ta rage wa samfura lambar da ba ta shafe su ba.

A na'urar faranti akwai mai ruɗi na uku, wato hasken da farin faranti ko ruwan ƙyalli (ruwan da ke walƙiya idan radiyeshan ya buge shi) ke riƙewa bayan sun sha fitilar ɗaki. Alamarsa ita ce duk ramuka suna ɗagawa tare, ba na kusa da mai zafi kaɗai ba, kuma lambar tana sauka da kanta idan farantin ya zauna cikin duhun na'ura na ɗan lokaci. Maimaita ƙidaya har lambar ramukan banza ta tsaya wuri ɗaya, sannan ka ci gaba.

Inda kutsen ke fitowa

A na'urar gama, kwalba tana shiga rami a cikin kiristal na sodiyam ayodaid, kiristal ɗin kuma yana kewaye da dalma. Idan ditektoci biyar ko goma ne a jere, dalmar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin ta waje ba, don babu wuri. Yawan abin da zai ratsa ya dogara da kuzarin gama, wanda ake aunawa da keV. Kaurin dalmar da ke rage gama zuwa rabi kusan milimita 0.02 ne ga aisotof I-125, kusan 0.3 ga Tc-99m mai 140 keV, kusan 3 ga I-131 mai 364 keV, tsakanin 4 da 5 ga 511 keV na F-18, wajen 6 zuwa 7 ga Cs-137 mai 662 keV, sannan kusan 12 ga Co-60. Santimita ɗaya na dalma ya ishi Tc-99m har da saura, domin ya rage shi rabi-rabi fiye da sau talatin. Wannan santimita ɗayan kuwa, ga F-18, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na abin da ya nufo shi zai wuce. Shi ya sa ɗakin gwajin da ya shekara yana ƙidaya I-125 lafiya ƙalau yake shiga matsala ranar da aka kawo Cr-51 ko F-18.

Hanya ta biyu ita ce warwatsuwar Compton. Foton, wato ƙwayar gama guda ɗaya, ya bugi kiristal ɗin farko, ya bar wani ɓangare na kuzarinsa, ya karkata ya shiga na biyu da ragowar. Foton mai 511 keV da ya karkata digiri 90 yana fita da kusan 255 keV, wanda ya juya baya kacokan kuma da kusan 170. Dalmar kanta, idan gama mai ƙarfi ya buge ta, tana fitar da hasken X tsakanin 72 da 88 keV. Abin lura a nan shi ne kutse ba ya zuwa da kuzarin da ya baro gida da shi kaɗai, yana iya sauka a ƙaramar taga inda kake ƙidaya wani aisotof daban (taga ita ce zangon kuzarin da aka saita na'ura ta ƙidaya).

Hanya ta uku ita ce samfuran da ba a ma ɗaga su zuwa ditekta ba, waɗanda ke jira a rak ko a kan bel ɗin da ke jan rak. Za a dawo kansu a ƙasa, domin maganinsu daban ne.

A na'urar faranti kutse iri biyu ne. Akwai na haske: walƙiyar da ta tashi a wani rami ta bi ta cikin robar faranti mai garai-garai ta isa idon da ke kallon ramin kusa. Akwai na ƙwayar radiyeshan kanta: beta na P-32, mai kuzarin da ke kaiwa 1.71 MeV, wato 1,710 keV, yana tafiya kusan milimita takwas a ruwa, tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa kuwa milimita 9 ne a faranti mai 96, milimita 4.5 a mai 384. Sai ya ratsa bango ya haska ruwan ƙyallin maƙwabci. H-3 mai 18.6 keV, da C-14 mai 156, da S-35 mai 167 ba sa ratsa bangon roba, nasu kutsen na haske ne kawai. Farin faranti marar garai yana toshe na haske, amma bai iya tare P-32 ko gama na I-125 ba.

Kayan da za ka tanada

Samfurin awo guda ɗaya na ainihin aisotof ɗin aiki, cikin irin kwalbar aiki, da yawan ruwa daidai da na samfuran aiki. Kwalabe na banza masu ruwa zalla, adadin ditektocin. Safar hannu, hantsaki, da na'urar auna abin da jiki ya ɗauka. Takardar lissafi a kwamfuta.

Maganar yawan ruwa ba ƙarama ba ce. Ruwan da ya hau sama kusa da bakin ramin kiristal yana barin gama da yawa su tsere ta sama, ƙidayar ditektansa ta ragu, rabon da ke zuwa maƙwabci kuma ya canja. Ma'aunin da aka samu da mililita ɗaya bai zama lallai ya yi daidai da mililita uku ba.

Ana sha'awar amfani da madadi mai tsawon rai, irin Co-57 a madadin Tc-99m, Ba-133 a madadin I-131, Ge-68 ko Na-22 a madadin F-18. Don duba lafiyar na'ura yau da gobe wannan ya yi. Don auna kutse kuwa a yi hattara, saboda kutse yakan fito ne daga gama mafi ƙarfi ko da kaɗan ne a yawa. I-131 yana da layin 637 keV, kusan kashi 7 cikin ɗari, wanda Ba-133 ba shi da shi, don haka madadin zai nuna kutse ƙasa da gaskiya. Na-22 yana da 1275 keV wanda F-18 ba shi da shi, zai nuna sama da gaskiya. Idan ainihin aisotof yana samuwa, shi ne daidai.

Matakin farko: kashe gyaran na'ura, daidaita taga

Yawancin na'urori masu ditekta da yawa suna da nasu gyaran kutse a manhaja. Kashe shi kafin awo, ka kashe cire muhalli da gyaran raguwar da radiyeshan ke yi da wucewar lokaci, ka karɓi ɗanyen lamba. Duba cewa ƙololuwar kuzari tana tsakiyar taga a kowane ditekta. Idan wani ya zame, a daidaita shi tukuna, domin duk ma'aunin da ka samu na tagar da ka auna da ita ne kaɗai.

Mataki na biyu: ƙidayar muhalli, ditekta-ditekta

Sa kwalaben banza a duk ditektoci, babu wani abu mai radiyeshan a cikin na'urar ko a kan teburin kusa. Ƙidaya aƙalla minti talatin, awa ɗaya ya fi. Rubuta lambar kowane ditekta daban, kada ka haɗa su ka raba, domin na gefe da na tsakiya ba sa samun garkuwa iri ɗaya.

Mataki na uku: zaɓen zafin samfurin awo

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Samfurin yana buƙatar zafin da zai sa kutsen ya fito fili sama da muhalli, amma idan ya yi zafi da yawa ditektansa zai riƙa kurumcewa. Bayan kowane foton akwai ɗan taƙaitaccen lokacin da na'ura ba ta jin na biye. A ce lokacin kurumtar ya kai maikurosakan biyu, samfuri mai ƙidaya 600,000 a minti, wato 10,000 a sakan, zai yi asarar kusan kashi 2 cikin ɗari. Mai ninki goma na wannan zai yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar ko shida. Ditektan maƙwabci kuwa bai kurumce ba, yana ƙidaya kutsen cif. Ka ga an raba cikakkiyar lamba da ragaggiya, ma'aunin ya kumbura. Tsaya a inda asarar ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, ko ka bar gyaran kurumta na na'ura a kunne idan ka riga ka gwada shi. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce a auna da samfura biyu, ɗaya ya ninka ɗaya sau goma. Ma'aunin da ya fito ya kamata ya zama ɗaya. Idan na mai zafin ya fi girma, kurumta ce.

Mataki na huɗu: zagaya samfurin

Sa samfurin awo a ditekta na ɗaya, kwalaben banza a sauran, ka ƙidaya duka a lokaci guda. Matsar da shi na biyu, ka maimaita, haka har na ƙarshe. Tsawon ƙidaya ana yanke shi ne bisa lambar maƙwabci, ba ta mai zafin ba. Rashin tabbas na ƙidaya shi ne tushen murabba'in lambar da aka tara, don haka sai an tara 10,000 kafin a samu kashi ɗaya cikin ɗari. Maƙwabcin da ke ba da 1,200 a minti yana buƙatar minti takwas zuwa tara.

Ga misali da lambobi na kwatance, samfuri yana ditekta na uku a na'ura mai biyar, kuma ya ba da 400,000 a minti bayan cire muhalli:

- na biyu: 1,270, muhalli 70, saura 1,200, ma'auni 0.0030
- na huɗu: 1,055, muhalli 55, saura 1,000, ma'auni 0.0025
- na ɗaya: 140, muhalli 60, saura 80, ma'auni 0.0002
- na biyar: 125, muhalli 65, saura 60, ma'auni 0.00015

Ma'auni shi ne saura na ditektan da aka kutsa, a raba da saura na ditektan da samfurin ke ciki. Hagu da dama ba su zo daidai ba, kuma ba laifi ba ne, domin kiristal da dalma ba sa fitowa tamkar juna. Kada ka ɗauka kutsen uku zuwa biyu daidai yake da na biyu zuwa uku, auna kowanne. Idan ditektocin a layi biyu suke, wanda ke fuskantar samfurin ta ɗaya layin ma maƙwabci ne.

Da aisotof mai gajeren rai ba sai ka damu da raguwa a wannan mataki ba. F-18, mai rabin rayuwa minti 110, wato lokacin da zafinsa ke komawa rabi, yana raguwa kusan kashi 6 cikin ɗari a minti goma, amma tun da an ƙidaya mai zafin da maƙwabtansa tare, raguwar ta shafi sama da ƙasan rabon daidai wa daida.

Jera sakamakon a jadawali mai layi biyar da ginshiƙi biyar. Kowane ginshiƙi matsayin samfurin awo ne, kowane layi ditektan da ya ji. Inda layi da ginshiƙi suka zo lamba ɗaya ka rubuta 1.

Mataki na biyar: cirewa, bisa tsari

Tsarin da ake bi yana da muhimmanci kamar ma'aunin kansa. A fara da gyaran kurumta, sai cire muhallin kowane ditekta, sai cire kutse, sai daidaita bambancin ƙwazon ditektoci, a ƙarshe gyaran raguwa zuwa lokacin da aka zaɓa. Dalilin da ya sa raguwa ke zuwa ƙarshe shi ne kutse yana faruwa ne a daidai lokacin ƙidaya, da zafin da maƙwabcin ke da shi a wannan minti. Idan ka fara mayar da lambar maƙwabci zuwa ta awa huɗu da suka wuce sannan ka ninka da ma'auni, ka cire abin da bai taɓa shiga ba. Haka kuma ma'aunin da aka samu daga ɗanyen lamba ana amfani da shi a kan ɗanyen lamba, kafin daidaita ƙwazo.

A ce a aikin gaske ditekta na uku ya ba da 300,000, na biyu ya ba da 1,370. Cire muhalli 70, saura 1,300. Kutse daga na uku shi ne 0.0030 sau 300,000, wato 900. Gaskiyar samfurin na biyu 400 ce. Da ba a gyara ba, da an rubuta abin da ya ninka gaskiya fiye da sau uku.

Tun da kowane samfuri yana kutsa wa ɗan'uwansa, cikakken lissafin ditektoci biyu shi ne: idan m1 da m2 ne lambobin da aka gani bayan cire muhalli, a ne kutsen na biyu zuwa na ɗaya, b ne na ɗaya zuwa na biyu, to

t1 = (m1 − a × m2) ÷ (1 − a × b)

Da ma'auni irin 0.003, abin da ke ƙasa bai bambanta da 1 ba, cirewa sau ɗaya ta wadatar. Ga ditektoci da yawa, a Excel ka juya jadawalin da MINVERSE, ka ninka da ginshiƙin lambobin rak da MMULT. Jadawalin da aka juya ana ajiye shi, ana ta amfani da shi ga kowane rak. Ka tabbata samfuran da kake haɗawa a lissafi su ne waɗanda suka hau ditektoci tare a zagaye ɗaya. A wasu na'urori ditektoci suna ɗaukar kwalabe tsallake-tsallake, don haka kwalbar da ke gefenta a rak ba lallai ita ce maƙwabciyarta lokacin ƙidaya ba. Duba littafin na'ura ka ga wane matsayi ke zuwa wane ditekta.

Abin da cirewa ba ta iya cirewa

Lissafi yana cire matsakaicin kutse, amma hawa da saukar da kutsen ya zo da su suna nan. A misalin sama, ƙidayar minti ɗaya ta tara 1,370, tushenta kusan 37. Idan ma'aunin kansa yana da rashin tabbas na kashi 2 cikin ɗari, wannan ya ƙara 18 a kan 900. Haɗa su ta murabba'i, ka samu kusan 41. Sakamakon 400 ne da ƙari ko ragin 41, kashi goma cikin ɗari ke nan. Da samfurin shi kaɗai ya hau, da 470 zai tara, ƙari ko ragi 22, kusan rabin wancan. Tsawaita ƙidaya zuwa minti goma zai sauko da 37 zuwa kusan 12, amma 18 ɗin nan ba ya motsi, domin ba daga ƙidayar yau ya fito ba. Za ka tsaya a wajen 21 ko 22, kuma ko ka kwana kana ƙidaya ba za ka sauka ƙasa da 18 ba.

Iyakar ganowa ma tana hawa. Bisa lissafin da Lloyd Currie ya fitar a 1968, ƙaramar lambar da za a dogara da gano ta ita ce 2.71 a tara da 4.65 sau tushen ƙidayar muhalli. Da muhalli 70 wannan kusan 42 ne. Da kutse 900 a kai, muhallin ya zama 970, iyakar ta koma kusan 148. Samfurin da ke da 100 na gaskiya ya ɓace ke nan, duk kyan gyaran.

Daga nan ake fitar da ƙa'idar aiki. Idan kana son kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, da ma'auni 0.003, maƙwabcin da bai ninka samfurinka fiye da sau uku ba ba ya buƙatar gyara. Da gyara, da ma'aunin da aka sani zuwa kashi 2 cikin ɗari, za ka iya jure ninki har kusan 160. Abin da ya wuce haka, a raba su a sake ƙidaya. A ganinmu ma duk inda kutsen da za a cire ya fi abin da zai saura, sake ƙidaya ya fi amincewa da lissafi, matuƙar samfurin bai riga ya mutu ba.

Samfuran da ke jira a bel

Jadawalin ditektoci bai san da waɗannan ba, kuma ko na'ura mai ditekta ɗaya tana fama da su. Gwajinsu: kwalbar banza a ditekta, samfuri mai zafi a matsayin rak na kusa, sai na biye, sai rak na gaba, sai rak ɗin da ya riga ya wuce. A nan zafin samfurin yana iya wuce na awon farko, tun da ba a ditekta yake ba, amma ka san ƙarfinsa ta hanyar ƙidaya wani ɓangare da aka surka, kuma ka gyara raguwa tsakanin awo da awo. Abin da za ka samu taswira ce ta wuraren da garkuwa ta yi rauni. Ba kasafai ake cire wannan da lissafi ba, saboda matsayin rak yana canjawa a kowane zagaye. Rigakafi ya fi magani: a yi ƙidayar share fage ta sakan goma a ware masu zafi, a ƙidaya masu sanyi tukuna alhali masu zafin suna bayan garkuwa a waje, a surka waɗanda suka yi yawa, ko a bar su su huce. Tc-99m mai rabin rayuwa awa shida yana komawa kashi ɗaya cikin goma sha shida a kwana ɗaya. Sai dai jira yana rage masu sanyi daidai da masu zafi, don haka masu zafin kaɗai ake ajiyewa.

Faranti mai ramuka

Ramin tsakiya yana da maƙwabta takwas, huɗu ta gefe a milimita 9, huɗu ta kusurwa a kusan 12.7. Zuba samfurin awo a rami ɗaya na tsakiya, misali D6, ka cika ramukan da ke kewaye da shi har zobe biyu da ruwan ƙyalli iri ɗaya, yawa ɗaya, ba radiyeshan. Kada ka bar su a bushe. Beta na P-32 da ya shiga busasshen rami ba shi da abin da zai haska sosai, sai ma'auni ya fito ƙarami. Canja bakin fifet a kowane rami, rufe farantin da ledar rufi, ka bar shi cikin duhu, ka ƙidaya. Maimaita a rami na gefe da na kusurwa, da kuma yankin kowane ido idan na'urar tana da fiye da ɗaya. Idan samfuran aiki suna da launi, samfurin awo ma ya zama da shi, domin launi yana dusashe haske, kuma yana dusashe na gida da na kutse ba daidai ba.

A faranti ma'auni yana iya girma har cirewa sau ɗaya ta gaza. A ce na gefe 0.03 ne, na kusurwa 0.005, kuma duk ramuka suna ɗauke da 1,000. Ramin tsakiya zai nuna 1,140, na bakin faranti mai maƙwabta biyar 1,100, na kusurwa mai uku 1,065. Wannan tudun da ke tsakiyar faranti alama ce ta kutse da ake gani ko ba a yi wani gwaji ba. Idan ka cire kashi 14 cikin ɗari na 1,140 za ka samu 980, ka zarce, saboda lambar maƙwabtan da ka yi amfani da ita ita ma kumburarriya ce. Sai a maimaita: ɗauki 980 a matsayin sabuwar lambar maƙwabta, ka cire daga 1,140 na asali, ka samu 1,003. Zagaye na uku ya ba da kusan 1,000. Kullum daga lambar asali ake cirewa, lambar maƙwabta ce kaɗai ke sabuntawa. Dakata idan canjin ya yi ƙasa da rashin tabbas na ƙidaya.

Idan gwajin ya yarda, komawa P-33, mai 249 keV da rabin rayuwa kwana 25, yana kawar da yawancin kutsen ƙwaya. Barin layi ɗaya fanko tsakanin ramuka masu zafi da ramukan da ake sa ran ƙarancinsu ma yana taimakawa fiye da duk wani lissafi.

Idan aisotof biyu ne

Malalar wani aisotof zuwa tagar wani a cikin kwalba ɗaya abu ne daban da kutse, amma lissafinsu ɗaya ne. Cr-51 mai 320 keV yana zuba warwatsattsun foton a tagar I-125. Ƙidaya Cr-51 zalla a tagogin biyu. A ce babbar taga ta ba da 50,000, ƙaramar 6,000, ma'aunin malala 0.12. Gaurayen samfuri mai 20,000 a sama da 9,400 a ƙasa yana da 7,000 na I-125. A na'ura mai ditekta da yawa kana buƙatar jadawalin kutse na kowace taga, har da na Cr-51 ɗin maƙwabci zuwa ƙaramar tagarka. Cire kutse a kowace taga tukuna, sannan malala.

Gwada gyaran kafin ka dogara da shi

Ƙidaya samfuri mai sanyi shi kaɗai, ka sake ƙidaya shi kusa da mai zafin da ya ninka shi sau ɗari, ka gyara. Lambobin biyu su dace cikin ninki biyu na rashin tabbas ɗinsu. Sannan jera rak ɗaya-zafi-ɗaya-banza. Bayan gyara, kwalaben banza su warwatsu kewaye da sifili, kusan rabi sama rabi ƙasa. Lambar da ta fito ƙasa da sifili kada a mayar da ita sifili, domin yin haka yana ɗaga matsakaici. Idan duka suka fito ƙasa, an cire fiye da kima: ko samfurin awo ya kurumtar da ditekta, ko gyaran manhaja yana kunne ka ƙara naka a kai. Idan duka suka fito sama, duba bel, duba maƙwabcin layi na biyu, duba ko ditektan mai zafin yana asarar ƙidaya a aikin gaske har kutsen da aka lissafa daga lambarsa ya gaza.

A sake awon duk lokacin da aka canja aisotof, taga, irin kwalba ko faranti, yawan ruwa ko ruwan ƙyalli, da bayan an gyara na'ura ko an taɓa wutar bututun ninka haske, wanda ke mayar da walƙiya zuwa siginar lantarki. Rubuta waɗannan duka a saman jadawalin tare da ranar awo, kuma ka ajiye ɗanyen lambobin kowane rak da matsayin kowace kwalba, domin idan aka gano ma'aunin ya zame, da su ne za a sake lissafin tsofaffin sakamako.